Tulunan Kabarin U-j na Abidos: Nazarin Yadda Adanawa da Gwajin Kimiyya Suka Haɗu a Kan Yumɓu Ɗaya

A shekarar 1988, ayarin masu haƙar kayan tarihi na Cibiyar Jamus da ke Alƙahira, ƙarƙashin jagorancin Gunter Dreyer, suka buɗe wani kabari a maƙabartar sarakunan farko ta Abidos, a yammacin Kogin Nilu, cikin lardin Sohag na kudancin Masar. Sun ba shi lambar U-j, domin yana cikin sashen maƙabartar da aka yi wa laƙabi da harafin U. An gina shi da tubalin laka a cikin rami, an raba shi ɗakuna 12, kuma tsakanin ɗakunan an bar wasu siraran tsagogi masu kama da ƙofofi, abin da ya sa masana suke ganin an kwaikwayi fasalin gidan sarautar mamacin ne. Ana ƙiyasta cewa an rufe shi wajen shekara ta 3150 kafin haihuwar Annabi Isa, wato kafin daular farko ta fir'aunoni ta kafu.

Ɓarayin kaburbura sun riga kowa shiga tun zamanin da, sun kwashe abin da idonsu ya ga yana da daraja. Abin da suka raina suka bari shi ne ya zama dukiyar masu bincike: sandar sarauta ta hauren giwa, da ƙananan allunan ƙashi da na haure fiye da 150 masu ɗauke da alamomin da ake lissafa su cikin rubutu mafi daɗewa da aka samu a Masar, da kuma tukwane da tuluna masu yawan gaske. A jikin wasu tulunan gida an zana kunama da baƙar tawada, kuma daga nan Dreyer ya kawo ra'ayin cewa sunan mai kabarin Kunama ne. Allunan rubutun su ne suka yi suna a duniya. Amma wannan nazari ya tsaya ne a kan wani rukuni na tuluna da aka jibge a ɗakuna uku na kabarin, waɗanda siffarsu ba ta Masar ba ce, domin a kansu ne aka ga yadda aikin mai adana kaya da aikin mai gwajin sinadarai suke dogara da juna, kuma a wasu lokuta suke cin karo.

Wurin da kuma yadda aka san shekarunsa

Larabawan yankin suna kiran wannan fili Ummul Ƙa'ab, wato uwar kasake, saboda tarin tsingaron da ya rufe shi. Tarin ya samo asali ne daga ɗaruruwan shekarun da Misirawa suka yi suna kai hadaya cikin ƙananan kasake, bayan sun ɗauki kabarin sarki Jer na daular farko a matsayin kabarin gunkinsu Osiris. Bafaranshe Emile Amelineau ya yi haƙa a wurin daga 1895, sannan Baturen Ingila Flinders Petrie ya biyo baya daga 1899, kuma kowannensu ya bar tudun ƙasar da ya tone, cike da ɓaraguzan zamunna daban-daban a cakuɗe. Da Jamusawa suka koma wurin a 1977, babban ɓangare na aikinsu shi ne tankaɗe waɗannan tsofaffin tudun da raba tsingaron wannan zamani da na wancan. Wannan ya sa samun tuluna a jere a inda aka ajiye su tun farko, kamar yadda ya faru a kabarin U-j, ya zama abu mai tsada ƙwarai.

Tukwane ne suka fara faɗin shekarun kabarin. Petrie ne ya kafa wannan hanya bayan haƙar da ya yi a Naƙada da ke kudancin Masar a 1894 zuwa 1895: ya rubuta kayan kaburbura kusan 900 a kan siraran katuna, ya yi ta jera su yana sake jerawa har ya fito da tsarin wanda ya riga wani. Abin da ya fi dogara da shi shi ne tulu mai hannu kamar igiyar ruwa, wanda ya fara da ƙiba da hannuwa na gaske, sannan a hankali ya rame ya zama doguwar gwangwani, hannun ya koma ɗan zane kawai. Werner Kaiser ya gyara tsarin a 1957, ya raba shi zuwa matakan Naƙada na ɗaya da na biyu da na uku, kuma tulunan gida na kabarin U-j sun faɗa farkon mataki na uku. Gwajin kabon, wanda ake auna shekarun tsofaffin abubuwa da shi, da aka yi daga baya bai saɓa wa wannan ba.

Tulunan baƙi da halin da aka same su

An tarar da tuluna sama da 200 a mazauninsu, an ɗora su hawa-hawa, kuma a daɓen wani ɗakin da aka wawashe an ga gurabun gindin wasu tulunan da ba sa nan. Daga waɗannan gurabu da tsingaron da aka tattara aka ƙiyasta cewa adadinsu na asali ya kai kusan 700, kuma da yake kowanne yana cin lita shida zuwa bakwai, jimillar abin da suka ɗauka ta kai wajen lita 4,500. Tuluna ne masu siririn wuya da ƙaramin baki, wasu da hannun kama, wasu an yi musu ado da jan ratsi, irin fasalin da aka sani a ƙasar Kan'ana ta wancan zamani. Ulrich Hartung, masani a ayarin Jamusawan, shi ne ya ɗauki nauyin nazarinsu dalla-dalla.

Da aka zazzage yashin da ya cika su, sai aka ga wani ɓawo mai launin rawaya ya zagaye cikin wasunsu kamar zobe, kuma zoben a karkace yake, bai yi daidai da bakin tulun ba. Wannan karkata hujja ce mai zaman kanta, domin tana nuna cewa ruwa ne a ciki, kuma ya ƙafe ne a hankali alhali tulun yana jingine a yadda aka ajiye shi. A cikin tuluna 47 an sami ƙwayoyin inabi, a cikin 11 kuma an sami ɓaure da aka yanyanka aka huda, da alama an zura shi a zare ne aka rataya cikin ruwan. A gefen tulunan an tsinci ƙananan dunƙulen laka masu ɗauke da tambarin hatimi, da alamar igiya a bayansu, waɗanda suka faɗo bayan marfin fata ko na ƙyalle ya ruɓe.

Duk waɗannan abubuwa masu rauni ne ƙwarai, kuma kwano ɗaya na ruwa da burushi ya isa ya kawar da su cikin ɗan lokaci. A nan ne batun adanawa ya shigo.

Gishiri, ruwa, da shawarar da ba ta da sauƙi

Babban abokin gabar tukwanen Masar shi ne gishiri. Ƙasar Masar tana ɗauke da gishirin ci da jibsin da wasu gishirai masu narkewa, kuma yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, waɗanda suke zuƙar duk ruwan da ya ratsa su. Muddin tukunya tana binne a busasshen yashi, gishirin yana kwance lafiya. Da zarar an fito da ita sai ta fara numfashi da iskar waje: idan laima ta yi yawa gishirin ya narke, idan iska ta bushe ya sake daskarewa, kuma duk lokacin da ya daskare ƙwayoyinsa suna tura bangon ramukan da ƙarfi. Gishirin ci yakan fara jan ruwa daga iska idan laimarta ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari, saboda haka ɗakin ajiyar da laimarsa take hawa da sauka a kusa da wannan mizani shi ne mafi haɗari. Duk wanda ya ga yadda kanwa take cin gindin katangar ƙasa har ta riƙa zubowa gari-gari ya san irin ɓarnar da ake magana a kai. A jikin tukunya ɓarnar takan fara ne daga fata, wato daidai inda ado da rubutu suke.

Maganin da aka saba da shi shi ne jiƙa tukunyar a cikin tataccen ruwa mara sinadari, ana sauya ruwan lokaci zuwa lokaci, ana auna yawan gishirin da ya fito da na'urar da take gwada yadda lantarki yake ratsa ruwa, har sai awon ya sauka ya tsaya. Aikin yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Hanya ce mai kyau ga tukunyar da ta gasu sosai kuma babu komai a cikinta. Amma ga kayan kabari irin U-j, kusan kowane sharaɗi na wannan hanya ya rushe. Tukwanen lakar Nilu da aka cuɗa da ƙaiƙayi aka gasa da wuta mara ƙarfi suna iya yin laushi su ruguje a ruwa. Tawadar da aka zana kunama da ita baƙin gawayi ce da aka haɗa da ƙaro, kuma ƙaro yana narkewa. Dunƙulen hatimi ɗanyar laka ce da ba ta taɓa ganin wuta ba, ruwa zai mayar da ita taɓo. Sannan sinadarin da mai gwaji yake nema a cikin ɓawon nan mai rawaya, shi ma yana bin ruwa ya tafi.

Saboda haka mai adana kaya yana tsakanin asara biyu. Idan ya wanke, ya ceci jikin tulun daga gishiri amma ya shafe labarin abin da tulun ya ɗauka. Idan bai wanke ba, ya riƙe labarin amma ya ɗauki alhakin kula da iskar ɗakin ajiya har abada, abin da ba shi da sauƙi a rumbunan da suke bakin hamada, inda wutar lantarki da na'urorin daidaita iska ba su da tabbas. Matsayin da ƙwararru suka fi karkata gare shi a yau shi ne a fara da busasshiyar shara da burushi mai laushi, a ɗauki hoto da awo kafin a taɓa komai, a ɗebi samfurin abin da yake ciki da na ƙasar da take kewaye da tukunyar, a naɗe samfurin a takardar alminiyam maimakon leda domin leda tana zubar da nata sinadaran, sannan a yanke shawarar cire gishiri tukunya bayan tukunya, ba a yi wa duka hukunci ɗaya ba. Inda dole sai an cire gishirin daga wani sashe kaɗai, akan liƙa jiƙaƙƙen ɓargon takarda a wurin, ya zuƙe gishirin yayin da yake bushewa.

Manne fasassun tuluna ma yana da tasa matsalar. Masu haƙa na farko sun yi amfani da gam ɗin fata da shalak, wani ƙaro da ƙwari suke fitarwa, da wasu robobi na farko-farko, waɗanda suke yin duhu, su yi tauri fiye da yumɓun kansa, har idan tukunyar ta motsa sai ta karye a gefen mannen ta bar sabon rauni. Yanzu abin da aka fi amfani da shi shi ne wani gam na roba mai suna Paraloid B-72 da aka narkar a ruwan sinadarin asiton, saboda ba ya sauya launi da sauri kuma ana iya narkar da shi a raba gutsattsarin idan an ga kuskure. Duk da haka, ko wannan ba a so ya taɓa cikin tulun da za a gwada, domin duk abin da aka shafa wa yumɓu zai fito a sakamakon na'ura, ya rikita karatun. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna aikin adanawa da shi a irin wannan wuri: ba kyan da tukunya ta yi a cikin akwatin gilashi ba, sai dai yawan tambayoyin da har yanzu za a iya yi mata bayan ta bar hannun mai gyara.

Abin da yake cikin tulunan

Ɓawon mai rawaya ya isa ɗakin gwaje-gwaje na gidan adana kayan tarihi na Jami'ar Fensilbaniya a Amurka, inda Patrick McGovern da abokan aikinsa suka bincike shi a shekarun 1990. Abin da suka nema shi ne asid ɗin tartarik, sinadarin da yake da yawa a cikin inabi kuma yake maƙalewa a jikin tulu a matsayin gishirinsa. Sun yi amfani da hasken infurared domin karanta siffar sinadaran, da na'urar da take rarrabe sinadarai a cikin ruwa, da kuma wani gwajin ɗigo da yake sauya launi, suka ba da rahoton cewa sun same shi tare da ƙaron itace, wanda mutanen da suke zubawa domin hana abin sha saurin tsami. Hukuncinsu shi ne tulunan sun ɗauki giyar inabi.

An yi ta muhawara a kan irin wannan hujja, kuma muhawarar tana da tushe. Gwajin ɗigon ba ya bambance tartarik da wasu sinadarai masu kama da shi yadda ya kamata. Bayan haka, ba inabi kaɗai ne yake ɗauke da wannan asid ba, tsamiya ma tana da shi da yawa, shi ne ma yake ba ta tsaminta, saboda haka samunsa a tukunya ba ya nufin inabi sai an duba irin tsirran da mutanen wurin suke da su a lokacin. Kuma ko an tabbatar inabi ne, sinadarin ba ya faɗin ko ruwan ya zama giya, ko ya zama ruwan tsami, ko kuwa an dafa shi ne ya yi kauri. Abin da ya ƙarfafa hujjar kabarin U-j shi ne ba ta tsaya a kan sinadari kaɗai ba. Ga ƙwayoyin inabi a cikin tulunan, ga zoben da ya nuna ruwa ne, ga ƙaramin baki da aka toshe, kuma ruwan inabi a zafin wannan yanki ba ya kwana da yawa bai fara tashi ba.

A 2003 wasu masu bincike, cikinsu har da Duccio Cavalieri da McGovern, suka ba da rahoton samun gutsuren sinadarin gado na yistin da yake tayar da giya da burodi a cikin ɓawon ɗaya daga tulunan. Wannan sakamako ya fi sauran buƙatar taka-tsantsan, domin yisti yana ko'ina a iska da hannun mutane, kuma zafin Masar ba ya barin sinadarin gado ya daɗe lafiya. A 2009 kuma McGovern da Armen Mirzoian da Gretchen Hall suka sake gwada ragowar da na'urorin da suka fi na farko kaifi nesa ba kusa ba, waɗanda suke auna nauyin ƙwayoyin sinadari ɗaya bayan ɗaya. Gwajin ya tabbatar da asid ɗin tartarik, ya kuma nuna burbushin sinadarai masu ƙamshi da suka dace da ganyaye irin su na'ana'a da filasko da dangin tazargade. Sun fassara wannan da cewa an jiƙa magunguna a cikin abin shan. Fassarar tana iya zama daidai, amma sinadari ɗaya yakan samu a tsirrai da yawa, don haka jerin sunayen ganyayen zato ne mai ƙarfi, bai kai matsayin ƙwayar inabin da ake iya ɗauka da hantsaki a gani da ido ba.

Abin lura a nan shi ne tazarar da take tsakanin haƙar da gwaji na ƙarshe. Shekara 21 ce tsakanin 1988 da 2009, kuma na'urorin da suka ba da amsa mafi inganci ba su kai wannan kaifi ba a ranar da aka fito da tulunan. Da an kankare ɓawon tun farko, ko da an ƙarar da shi duka a gwajin farko, da babu abin da za a mayar wa sabuwar na'ura.

Rigimar asalin yumɓun

Tambayar da ta fi wahala ita ce inda aka gina tulunan. Masu nazarin tukwanen Masar suna da ma'auni da suka amince da shi tun taron da suka yi a birnin Biyana na Ostiriya a 1980, inda Dorothea Arnold da Manfred Bietak da Janine Bourriau da wasu suka tsara rabe-raben yumɓun ƙasar. Tsarin ya kasa shi gida biyu manya. Akwai lakar Nilu, wadda ambaliya take ajiyewa, mai gasuwa ta koma ja ko ruwan ƙasa. Akwai kuma yumɓun hamada mai farar ƙasa a cikinsa, wanda ake haƙa a wurare irin su yankin Ƙena da Ballas a kudancin Masar, mai gasuwa ya yi fari-fari ko ya ɗan yi kore, kuma har yau maginan wannan yanki suna gina tulunan ruwa da shi. Ana gane kowane rukuni ta hanyar karya ɗan gefen tsingaro a duba sabon karayar da madubin ƙara girma. Tulunan baƙi na kabarin U-j ba su zauna daidai a ko ɗaya daga cikin rukunan da aka saba gani ba.

Hanya ta farko da aka bi ita ce ta niyutiron. Akan ɗebi ɗan garin tsingaro a saka shi a tukunyar nukiliya ta bincike, inda ƙwayoyin niyutiron suke dukansa har sinadaran da suke cikinsa su riƙa fitar da haske na musamman, kuma daga wannan haske a lissafa yawan sinadarai kusan 30, har da waɗanda ba su wuce ɗigo cikin miliyan ba. Sannan a kwatanta lissafin da na yumɓun wurare da aka riga aka sani. An yi wannan aiki a Jami'ar Mizuri, kuma McGovern ya ba da rahoton cewa samfuran ba su dace da yumɓun Masar ba, sun fi kusa da na kudancin ƙasar Kan'ana, wato kwarin Kogin Urdun da tsaunukan kudancin Falasɗinu da gabashin kogin. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani ta wasu hanyoyi: kurangar inabi ba tsiron asalin Masar ba ce, kuma a wurare irin su Tel Erani da En Besor da Tallus Sakan kusa da Gaza an sami shaidar zaman Misirawa a ƙarshen wannan zamani.

Sai a 2002 Naomi Porat da Yuval Goren suka fito da sakamakon da ya saɓa. Su hanyar duwatsu suka bi, inda ake yanka tsingaro a manna shi a gilashi a goge shi har kaurinsa ya koma kashi uku cikin ɗari na milimita, yadda haske zai ratsa shi, sannan a duba shi a ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan abubuwa a gane kowace ƙwayar yashi da dutse da ɓawon halittun ruwa da take cikinsa. Hukuncinsu shi ne mafi yawan tulunan ba su yi kama da yumɓun da maginan Kan'ana suke amfani da shi a wancan zamani ba, kuma mai yiwuwa a Masar aka gina su da yumɓun yankin Wadi Ƙena, ana kwaikwayon fasalin baƙi. Idan haka ne, labarin ya juye gaba ɗaya: maimakon ayarin jakuna ɗauke da lita dubbai suna ratsa arewacin Sina'i, sai a koma maganar magina baƙi ko masu kwaikwayonsu suna aiki a kusa da fadar sarki. Hartung bai yarda da wannan ba, ya kafa hujja da siffar tulunan da yadda aka gina su, da kuma rashin irinsu a garuruwan Masar na lokacin.

Ba daidai ba ne a ce ɗaya daga hanyoyin biyu kimiyya ce ɗayar kuma ba ita ba ce. Kowace tana da makantar da ta kamata a sani. Hanyar niyutiron tana ba da lambobi masu kaifi, amma ba ta san komai ba sai abin da yake cikin ma'ajiyar bayanan da ake kwatantawa da ita, kuma idan ainihin mahaƙar yumɓun ba ta cikin ma'ajiyar, lissafi zai nuna wadda ta fi kusa ne kawai, ko da kusancin na nesa ne. Bugu da ƙari, magini ba ya gina tukunya da yumɓu yadda ya haƙo shi, yakan tace, ya haɗa iri biyu, ya zuba yashi ko dakakken dutse, kuma duk wannan yana motsa lambobin. Hanyar duwatsu tana ganin hannun magini sarai, amma shimfiɗar duwatsu iri ɗaya tana iya bayyana a ƙasashe da yawa, tun daga hamadar gabashin Masar har zuwa tsaunukan Sham, kuma mai dubawa yakan fi saurin gane yankin da ya fi sani.

A 2015 Hartung da Christiana Kohler da Vera Muller da Mary Ownby suka wallafa sabon nazarin duwatsu a kan tukwanen baƙi na Abidos, wanda ya mayar da asalin da dama daga cikinsu ƙasar Sham, amma ya karkata zuwa arewa, wajen Labanan ta yau da maƙwabtanta, fiye da kudancin da aka fara zato. Wannan ya ƙara nauyi ga masu cewa shigo da su aka yi, ya kuma buɗe maganar hanyar teku, wadda daga baya ta zama babbar hanyar cinikin Masar da birnin Jubail da ke gaɓar tekun Labanan. Ni dai ina ganin hujjar shigowa daga waje ta fi ƙarfi a yanzu, amma kuskure ne a ɗauki tuluna 700 a matsayin kaya ɗaya daga wuri ɗaya, alhali bambancin yumɓunsu da siffofinsu yana nuna magina da yawa, kuma waɗanda aka gwada kaɗan ne daga cikin jimillar.

Hatimin laka

Ƙananan dunƙulen hatimin nan, waɗanda suka fi komai saurin lalacewa, sun kawo wani bayani da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya. Gwaji ya nuna cewa da lakar Nilu aka yi su. Ma'ana, ko daga ina tulunan suka fito, rufewarsu ta ƙarshe a cikin Masar aka yi ta, wataƙila bayan ma'aikatan sarki sun buɗe sun duba, ko sun cike abin da ya ragu a hanya. Wannan ya sa ba za a iya yanke hukunci kai tsaye cewa ɓauren da ganyayen tun daga inda aka matse inabin aka zuba su ba, domin akwai lokacin da bakin tulun yake buɗe a hannun Misirawa. Haka nan yana nuna cewa asalin tulu da asalin abin da yake cikinsa tambayoyi biyu ne daban, tunda ana iya juye tulu a sake cika shi.

Ci gaban binciken yana tafiya ne a hankali saboda dalilai na zahiri. Dokar kayan tarihi ta Masar mai lamba 117 ta shekarar 1983 ta mayar da abin da aka haƙo mallakar ƙasa, kuma fitar da samfur zuwa ɗakunan gwaji na waje ya zama abu mai wuyar samun izini, saboda haka yawancin sabbin gwaje-gwaje dole a yi su a cikin ƙasar, ko a rumbun ajiya da na'urorin hannu irin mai harba hasken eksire ta karanta sinadaran fatar tukunya ba tare da an karya ta ba. Irin wannan na'ura ba ta ɓarna, amma fata kawai take karantawa, kuma fatar tukunyar da ba a wanke ba tana ɗauke da gishirin kabari da ƙurar shekaru dubu biyar, waɗanda suke shiga lissafin. Hanyar duwatsu kuwa tana cin ɗan yanki na tsingaro wanda ba ya dawowa, shi ya sa ake zaɓar gutsuren da ba shi da ado ko rubutu, kuma ake adana gilashin da aka yanka domin wani masanin ya sake dubawa ba tare da an sake yanka tulun ba.